Kyanwata da Shayin Ɗan Farina

Da sunan Allah nake buɗe baki, Shi da ya halicci mai ƙafa biyu da mai ƙafa huɗu, ya auna wa kowane ciki abin da zai iya ɗauka. Ni ban riƙe alƙalami ba tunda uwata ta haife ni. Ina faɗa ne ana rubutawa, kuma na gargaɗi mai rubutun kada ta sassauta mini magana don ta yi daɗin ji. Na san abin da kuka taso kuna ji a gidajen suna da bakin rijiya. An ce Iya ta tsinka ɗanta a gaban maza saboda kyanwa. An ce tsufa ne ya fara taɓa ta tun a lokacin. Wasu sun faɗi abin da ya fi wannan muni, Allah ya yafe musu, ni dai ban gama yafewa ba. To ku gyara zama ku ji daga bakin mai ita.

Kyanwar sunanta Toka, saboda launinta. Malam kakanku ne ya kawo ta daga kasuwar Tsanyawa a cikin aljihun rigarsa, tana 'yar mitsitsiya, shekarar da ɓeraye suka huda mana rumbu ta ƙasa suka mayar da damman gero ƙaiƙayi. Gidanmu kun san inda yake, gero ta gabas, dawa ta yamma, gyaɗa a bayan danga. Wanda ya zauna a irin wannan wuri ya san ɓera ba baƙo ba ne, ɗan gida ne da ba ya gaisuwa. Toka ta girma ta zama mai gadin rumbu, ba ta neman lada sai ɗan ƙanzo da kan kifi idan an samu. Dabba ce mai natsuwa. Idan Malam yana karatun hantsi a zaure sai ta je ta kwanta a gefen buzunsa, ta naɗe ƙafafu kamar mai sauraro. Idan ta sa baki a kwanon ruwansa ba ya zubarwa, yakan ce ragowar kyanwa mai tsarki ce. Ban taɓa ganin ta buɗe tukunyar wani ba, ban taɓa ganin ta yakushi yaro ba, ko da kuwa ya ja mata wutsiya.

Shi kuwa wanda ake cewa na tsinka, ɗan farina ne, wanda duk gidan ke kira Babba. Ku 'yan yanzu kuna kiran 'ya'yanku na fari da sunansu gatsau, har ku goya su ku shiga kasuwa. Mu ba haka muka taso ba. Tunda aka yaye shi uwar Malam ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Kafin ranar da zan ba ku labari, ban taɓa kama sunansa na yanka a bakina ba, ban taɓa zama na kalli tsakar idonsa ba. Idan ya shigo gaishe ni, ya durƙusa daga bakin ƙofa, ni kuma in amsa ina kallon bango. Idan ina da magana da shi sai in ce da wani, a gaya wa mutumin nan kaza. Ba ƙiyayya ba ce, Allah ya sani. Kunya ce, kuma ita ce adon da muka gada. Da ita na rayu har furfura ta fito mini, ta fara fito masa.

Malam ya rasu bayan an gama kaka. Ina fita daga takaba rani ya kankama, Babba kuma ya ga zaman banza ba zai ciyar da gida ba, ga matarsa Rabi da jariri a hannu. Sai ya kafa teburin shayi a ƙofar zaure, inda Malam ke shimfiɗa buzu. Ban ƙi ba, sana'a ce ta halal. Hanyar da 'yan ƙwadago ke bi su tafi gonakin rani na Watari ta gabanmu ta wuce, masu tsinkar tumatir da masu cirar albasa, ga 'yan babur da ke jigilarsu. Tun da sassafe sai ka ji cokali yana kaɗawa a kofi. Mutanen nan ba ruwan bunu suke so ba. Mai kauri suke so, a cika ganye, a cika madara, a ƙara garin kofi a kai, wai don kada barci ya kama su a rana. Wasu cikin 'yan babur har da lemon nan na kwalba mai hana barci suke tsiyayawa a ciki. Ina daga tsakar gida ina jin su.

“Babba, ƙara kofi! So kake in faɗa kwalbati da buhun mutane?”

“Kai dai biya na jiya tukuna, sarkin kauri.”

To ga inda abin ya ɓaci, kuma da kyakkyawar niyya ya ɓaci. Malam ya hore mu da cewa abin da ya shiga sahun abinci ba a watsar da shi a ƙasa. Babba ɗan ubansa ne. Duk guntun shayin da aka rage a kofi, da tukar ganyen da ya tace, da ɗaurayar gwangwanin madara, sai ya juye su a wani tsohon kasko da ya ajiye a ƙarƙashin tebur. Da yamma Rabi ta ɗauka ta haɗa da ƙasari da dusa ta ba awaki. Kowa ya gani sai ya ce madalla da ɗan da ba ya almubazzaranci. Ni ma na ce madalla. Kasko a buɗe, a inuwa, daidai tsayin bakin kyanwa, yana ƙanshin madara tun daga safe har la'asar.

A lokacin Toka tana da 'ya'ya, sun fara tafiya suna bin ta. Wata rana da hantsi ina tankaɗe sai na ga ta shigo a guje kamar an biyo ta da wuta. Ta haye danga, ta diro, ta haye rumbu, ta diro, ta zagaya turmi, ta tsaya cak tana haki, baki a buɗe kamar kare. Kyanwa ba ta haki, wannan ko yaro ya sani. Idanunta sun zama baƙi wuluk, babu sauran ruwan ɗorawar da ke cikinsu. Na ɗauke ta, sai na ji ƙirjinta yana bugawa a tafin hannuna kamar kalangu, fatar bayanta tana rawa ita kaɗai. Ta fizge ta shige ƙarƙashin gado. Sai wajen magariba ta fito a galabaice, ta sha ruwa, ta kwanta. Na ce ko kunama ce. Washegari haka, wanshekare haka. Kullum da hantsi, kamar mai alkawari da wani.

Magana ba ta da ƙafa amma ta fi babur gudu. Tasalla maƙwabciyarmu, wadda ba a haihuwa ko mutuwa a unguwa sai da ra'ayinta, ta shigo aron rariya ta tarar Toka tana wannan zagayen. Ta ja da baya ta riƙe haɓa.

“A'uzubillahi! Iya, wannan ai ba ita kaɗai ba ce. An shige ta.”

“Wa ya shige ta, Tasalla? Ke kika buɗe masa ƙofa?”

“Ni dai na faɗa. Tunda mai karatun gidan ya kau, ai dole abin da ke tsoron karatu ya samu wuri. Kuma a ɗakinki take kwana.”

Wannan kalma ta ƙarshe, a ɗakinki take kwana, na san nauyinta. Tsohuwa, gwauruwa, da kyanwa mai abin mamaki a ɗakinta, kun san sunan da ake shirin laƙaba mata. Na ba ta rariyar, na ce ta dawo da ita da wuri.

Sai ƙaramin cikin 'ya'yan Toka ya mutu. Wani ɗan fari da baƙi ne, mai ƙiriniya, shi ne kullum a gindin uwarsa. Na tarar da shi a bakin zaure ta ciki yana mimmiƙewa, ƙafafu suna harbawa, kumfa a baki. Kafin in ɗebo ruwa ya sandare. Na tona rami a bayan danga na binne shi, ina jin matan unguwa ta kan katanga suna cewa ta fara da nata, saura na mutane. Rabi ta daina shimfiɗa jaririnta a tsakar gida. Ban ga laifinta ba, uwa ce.

Abin da ya buɗe mini ido ba wani ilimi ba ne, zaman gida ne. Aka yi rasuwa a dangin Rabi, Babba ya rufe tebur suka tafi ta'aziyya suka kwana biyu a can. Kasko ya bushe. Toka ta wuni a gindin rumbu tana lasar 'ya'yanta, ta kama ɓera, ta yi barcinta na rana, idanunta suka dawo irin na da. Na ce ikon Allah, aljanin nan shi ma ta'aziyya ya tafi? Ranar da suka dawo aka hura gawayi, kafin rana ta take tsaka Toka ta shigo tana haki, ta yi amai a bakin murhu. Na durƙusa na duba aman. Ruwan ƙasa-ƙasa ne da farin madara a tsinke, ga ɓarɓashin ganyen shayi a ciki. Na shinshina, ƙanshin teburin Babba sak. Washegari na laɓe a bayan asabarin zaure na zuba ido. Ina kallo ta sulale ta tsakanin ƙafafun masu shan shayi, ta shige ƙarƙashin tebur, ta kafa kai a kasko. Ba wanda ya lura, kowa na ta gardamar kuɗin taki.

Da ɗana na biyu ne, da a take na fita na ja kunnensa. Amma ɗan fari ne. Sai na kira Rabi ɗaki.

“Ki gaya wa mutumin nan ya rufe kaskon ƙarƙashin teburinsa. Abin da ke ciki ne ke haukata kyanwar nan, shi ya kashe ɗanta.”

Rabi ta sunkuyar da kai. “Iya, shayin?”

“Shayin.”

Ta je ta dawo tana murza bakin zane. Na ce ta faɗa mini yadda ya faɗa, kada ta sa masa zuma.

“Ya ce a ba ki haƙuri. Ya ce shayin da ƙarti ke sha su wuni suna noma, awaki su sha su yi ƙiba, ba shi zai kashe kyanwa ba. Ya ce don Allah kada wannan magana ta fita, in aka ji a gari cewa shayinsa na kisa, wa zai sake zama a bencinsa?”

Ku lura, ban ce ba shi da hujja ba. Tsoron bakin mutane yake, kuma teburin nan shi ne tuwon gidan. Amma ni ban ce ya daina sayar da shayi ba. Murfi na ce. Faifai ɗaya da dutse a kai ya isa. Sai dai a wurinsa rufe kaskon daidai yake da amsa laifi, shi kuwa ya gaji taurin kan da ba a wurin Malam ya samo shi ba. Na sa Rabi ta kifa faifai a kai da safe, kafin hantsi an ɗauke shi ana fifita gawayi da shi. Na koma kulle Toka a ɗakina har a tashi daga tebur, tana kuka tana yakushin ƙyaure, ɓeraye kuma suna biki a rumbu.

Na ga abin ba zai ƙare a haka ba, kuma ban so in tsaya a kan zato. Ran kasuwar Ɗanbatta na kulle Toka, na yafa mayafi, na hau motar haya ni kaɗai. Na nufi kara, wajen cinikin shanu, inda wani malamin dabbobi ke zama da akwatin allurarsa yana duba shanu da tumaki. Na jira ya gama da wani bijimi, na gaishe shi, na ce kyanwa ce ta kawo ni. Fulanin da ke wurin suka kwashe da dariya, wani ya ce, Inna, nawa za ki sayar da ita, da ƙaho ko babu? Malamin ma ya murmusa. Amma da na zayyana masa hakin da rawar jikin da aman, sai murmushin ya ɗauke.

“Inna, akwai mai shayi a gidanku?”

Na ce a ƙofar gidana yake.

“To ba iska ba ce. Abin nan da ke cikin ganyen shayi da kofi da goro da lemon 'yan babur, wanda ke kore wa mutum barci, jikin kyanwa ba ya iya fitar da shi da wuri, haka na kare. Abin da zai wartsakar da ƙato, kurɓi kaɗan daga cikinsa sai ya sa zuciyarta gudu har ta gaza. Tukar ganyen ma ta fi ruwan haɗari. Ba shayin take so ba, madarar ce ke kiranta.”

Na tambaye shi magani. Na ce ana cewa a ɗura mata manja, wasu sun ce ruwan gishiri don ta amayar.

“Kada ki ɗura mata komai, sai ki shaƙe ta ko gishirin ya ƙarasa ta. Ki sa ta a wuri mai sanyi, mai duhu, ba hayaniya, ki ajiye mata ruwa mai kyau ta sha da kanta. In kika ga ta faɗi tana mimmiƙewa, a naɗe ta a zane a nufi asibitin dabbobi, kada a jira gobe. Amma maganin gaskiya, Inna, kada ta kai bakinta. In ta ci gaba da sha, wata rana ba za ta tashi ba.”

Na yi masa godiya, na kamo hanya zuciyata wasai, ina shirya yadda zan aika Rabi da wannan saƙon. Ban san abin da ya faru a bayana ba. Ashe Rabi ta buɗe ɗakina ɗaukar maburgi, Toka ta fice, ta je ta sha, ta sha da yawa don ta kwana biyu ba ta samu ba. Ta shigo a haukace ta tsallake jaririn da ke kwance a bakin ƙofar uwarsa, ta kifar da ƙwaryar fura a gefensa. Ba ta taɓa shi ba, ko ƙwarzane babu. Amma Rabi ta ƙwalla ihu, Tasalla ta faɗo gidan tana salati, mata suka cika tsakar gida. Aka ce yau ta tsallaka, gobe za ta ɗauke kurwa.

Na sauka a bakin titi bayan la'asar, na tako da ƙafa. Tun daga nesa na hango taro a ƙofar gida, 'yan ƙwadago sun dawo daga gona sun cika benci. Ga Babba tsaye a jikin babur, yana ɗaure wani buhun taki a bayan sirdi da igiyar roba. Buhun yana motsi. Na ji kukanta daga ciki, siriri, irin na wadda numfashi ke gagara. Wani yana cewa, ka wuce dam ɗin Watari da ita sosai, in ba ka tsallaka ruwa ba dawowa take. Wani ya ce a'a, a sa dutse a ciki kawai a huta. Kyanwar da zuciyarta ke gudu, a cikin buhun leda, a zafin rani. Ko gonar farko ba za ta kai ba.

Na duba babu Rabi a kusa, babu wanda zan aika. Babba ya riga ya ɗora ƙafa a kan abin tayar da babur. Na ce, kai, tsaya. Ƙarar injin ta danne. Na ce, mutumin nan, tsaya. Wa zai san da shi nake, ga mutane fiye da a ƙirga? Babur ya fara mirginawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na buɗe murya, muryar da nake kiran awaki da ita daga ƙarshen gona, na kira sunansa na yanka, sunan da liman ya raɗa masa, cikakke, har da na ubansa. Ba zan maimaita shi a nan ba, sau ɗaya ya isa.

Babur ya mutu. Cokulan da ke kaɗawa suka tsaya. Wani dattijo da kofi a bakinsa ya sauke shi a hankali kamar zai fashe. Babba ya juyo, kuma a ranar ne na fara ganin tsakar idon ɗana tun yana cikin zanen goyo. Idon Malam ne, ashe.

“Iya,” ya ce, “ni kika kira?”

“Akwai wani mai sunan a nan? Kwance buhun.”

“Iya, ta tsallake yaro. Mutane suna magana. Ke nake karewa.”

“Ban aike ka ba. Kwance.”

Bai motsa ba, sai na je da kaina na kwance igiyar. Na buɗe buhun na ciro ta, jikinta zafi rau, harshe a waje. Na naɗe ta a mayafina, na tsaya da kaina a buɗe a gaban maza, ni da ban taɓa fita zaure ba lulluɓi ba. Sannan na taka har gaban tebur, na sa ƙafa na jawo kaskon nan fili, na kifar da shi. Ruwan ya malala, tukar ganye ta baje a ƙasa.

“Ga aljanin,” na ce. “Ku dube shi da kyau, ku da kuke biya a zuba muku shi. Ku yana hana ku barci, ita yana tsinka mata zuciya. Daga Ɗanbatta nake, wurin malamin dabbobi, ba daga wurin boka ba. Dabbar da ta tsare hatsin da kuka ci shekara da shekaru, yau ita za a jefa a ruwa don an ƙi rufe kasko?”

Wani ɗan babur mai bakin tsiya ya ce, “To Iya, ai an ce har goro. Naki fa?”

“Nawa a ƙulle yake a bakin zane, kuma ba na zuba masa madara. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.”

Aka yi 'yar dariya, irin wadda ake yi don a samu hanyar numfashi. Babba bai yi ba. Ya tsaya yana kallon kaskon, kunnuwansa kamar za su yi jini. Na wuce ciki. Na sa Toka a bayan randa inda ƙasa ke da sanyi, na rufe taga, na ajiye mata ruwa, na kori kowa. Tasalla ta leƙo da kwalbar manja, na ce ta mayar ta yi miya. Na zauna a gefe ina jan carbi ina sauraron numfashinta. Ta daɗe tana rawa. A hankali hakin ya lafa. Da gari ya waye ta ja jiki ta lashi ruwa, ta nemi 'ya'yanta.

Yanzu ku ji abin da na biya, don kada ku ɗauka a banza na samu. Babba bai sake kafa tebur a ƙofar gidan ubansa ba. Ya kwashe benci da tukunya ya koma bakin titi, inda sai ya yi tafiya kafin ya isa, inda kuma akwai masu shayi biyu da suka riga shi. Cinikinsa ya ja baya, gidan ya ji a tukunya, ni ma na ji. Yara suka sa masa suna Mai Shayin Kyanwa, sunan ya bi shi ya daɗe. Ya huda wata ƙofa ta bayan sashensa don kada ya riƙa bi ta gaban ɗakina. Gaisuwar safe ta koma ta bakin Rabi. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, muna gida ɗaya kamar mutanen gari biyu. Tsofaffin mata 'yan'uwana kuwa, waɗanda muka yi zamani tare, su ne suka fi yi mini zafi. Ba maganar maita suka riƙe ba, wannan ta mutu tunda aka ga Toka ta warke ta koma gindin rumbu. Kiran sunan ɗan fari da na yi suka riƙe. Wata ta ce mini a gidan biki, kunyar da kika tsare tun kina amarya, ki zubar da ita a kan mage? Na ce mata kunya ado ce, amma ban taɓa jin an ce za a tambaye ni ita a kabari ba. Rai kuwa za a tambaya, ko na kyanwa ne.

Na ji ciwon ƙofar bayan nan, ba zan ɓoye muku ba. Akwai safiyar da nake jin takunsa ya nufo ɗakina, sai ya karkata. Amma ko sau ɗaya ban aika a ba shi haƙuri ba, domin in na ba da haƙuri na ce ke nan buhun ya yi daidai. Tun daga ranar kuma na kafa doka a gidan nan wadda kuke gunaguni a kanta har yau. Ba a barin kofin shayi a ƙasa a tashi, ko na baƙo ne. Tukar ganye da guntun kofi rami ake tona musu a bayan danga a rufe, awakin ma na hana a ba su. Kwalbar lemon nan in an sha a rufe ta a jefa inda ya kamata. Kuna cewa Iya ta cika fitina. To fitinar ce ta sa Toka ta tsufa har haƙoranta suka zube, ta mutu a kan tabarmata tana barci, jikokinta kuma ga su nan suna tsare muku rumbu.

Ana nan, wata safiya bayan an yi girbi, ina zaune ina ɓarar gyaɗa, sai na ji sallama a bakin ƙofata, ba ta bakin Rabi ba. Babba ne, ya durƙusa inda ya saba durƙusawa da. Muka gaisa. Ya shiga zane a ƙasa da tsinke. Ni kuma ban juya ga bango ba, abin da ya fashe ya riga ya fashe, ina kallonsa.

“Iya, ɓeraye sun dame ni a rumfa. Burodi ba ya kwana.”

“Allah ya sawwaƙe.”

“Na ce ko za a ba ni aron ɗaya cikin 'ya'yan Toka.”

“Ba a aron kyanwa. Ina kake zuba guntun shayi?”

“A bokiti.”

“Da murfi?”

“Da murfi, Iya. Har da dutse a kai.”

Na ce na ji. Na ce ya je, zan yi shawara. Da ya fita na ajiye gyaɗar, na yafa mayafi, na ɗauki sandata, na taka har bakin titi da ƙafata. Na wuce masu shan shayi ban kula kowa ba, na durƙusa na leƙa ƙarƙashin tebur, na ɗaga dutsen, na jijjiga murfin na ji ya kama. Sai da yamma na aika masa da 'yar Toka ɗaya a cikin kwando.